Daɓen Tsakar Gidan Doña Orfa

Duk wanda ya taɓa sauka matakalar unguwar El Filo da safe ya san Doña Orfa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajerar matar nan mai kaurin damtse da ke zama a kwanar da matakala ta karya hagu, da murhun gawayi a gabanta, tana gasa arepa tana yi wa masu wucewa faɗa. Wainar masarar tata ba ta da ta biyu a duk wannan ɓangare na Medellín, bakinta ma haka. In ka saya ta ce ka cika ci, in ka wuce ba ka saya ba ta ce rowa ce za ta kashe ka. Mu da muka tashi a kan tudun nan mun daɗe da sanin cewa ranar da ka wuce ba ta yaɓa maka magana ba, to ba ta jin daɗin jikinta.

Daga ƙauye suka zo, ita da mijinta Aldemar, shekarar da masu bindiga suka raba mutanen yankinsu da gonakinsu. Ba su iso da komai ba sai tukunya da bargo da jaririyarsu Nohemí. Ƙasan gari babu wurin talaka, sai suka yi ta hawa har inda tudu ya ƙare, suka kafa bukka da katako da tsohon kwano. Ma'aikatan hukuma suka zo suka rushe, suka sake kafawa, aka sake rushewa. An ce a zuwansu na ƙarshe Orfa ta hau murhunta ta zauna, ta ce wa shugabansu sai dai ya ɗauke ta da murhun, kuma ya sani wutar ba ta mutu ba. Tun daga ranar ba su ƙara hawowa ba. Ni dai na fi zaton hawan ne ya gajiyar da su, amma ban taɓa faɗin haka a gabanta ba.

Aldemar magini ne, kuma gwanin daɓe. Ya ƙare ƙuruciyarsa a gidajen masu hali na ƙasan gari, yana shimfiɗa musu dutse da tayil a tsakar gida, inda za su zauna a inuwar furanni su sha kofi. Tasa tsakar gidan kuwa jar ƙasa ce, da rani ƙura, da damina caɓi. Kullum in ya dawo aiki sai ya zazzage jakar abincinsa a gindin gwaiba, gutsattsarin tayil su zubo, shuɗi da kore da ruwan ƙwai, irin waɗanda masu gida ke cewa a kwashe a zubar.

"Wata rana zan yi miki daɓen da matar gwamna za ta yi kishi," in ji shi.

"Wata ranar taka ta fi Kirsimeti nisa," in ji ta. "Ka dai ci gaba da tara mini mazaunin kunama."

Ranar ba ta zo ba. Ciwo ne ya riga ta zuwa. Wata safiya yana ɗaure takalmi ya kife, aka sauka da shi asibiti a kan ƙyaure, aka dawo da shi ɓarin damansa a shanye, baki ya tafi. Mutumin da ba ya iya zama ya sha ruwan mazarƙwaila ba tare da ya taɓa wani abu ya gyara ba, ya koma zaune a keken guragu yana kallon bango. Ka gaishe shi ya dube ka kamar bai taɓa ganinka ba. Abin da kawai yake riƙewa da hannun hagu shi ne cokalinsa na cin abinci, shi ma don Orfa ta hana kowa ba shi a baki ne. Ta ce mijinta ba jariri ba ne.

Matsalar ita ce banɗaki da wurin wanka suna can ƙarshen tsakar gida. Da rani tana tura keken ba wahala. Da aka fara yayyafin farko na Maris, wata la'asar ƙafar keken ta nutse a taɓo, ta tura da ƙarfi, keken ya kife, Aldemar ya daki dutsen wanki da goshi. Sai da maƙwabta suka taru kafin aka ɗaga shi.

Washegari Nohemí ta hau. Ita yanzu a kantin magani take aiki a ƙasan gari, tana zaune a bene mai na'urar hawa, kuma duk unguwa ta san ta gado bakin uwarta, sai dai nata a hankali yake yanka. Ta duba ɗinkin goshin ubanta, ta duba tsakar gidan, sannan ta ja uwarta gefe.

"Mama, na samo masa wuri. Gidan tsofaffi ne na 'yan coci, kusa da ni. Ƙasa a shimfiɗe, ga masu jinya. Kullum za ki iya zuwa ki gan shi."

"In je in gan shi? Mijina ne ko ɗan kurkuku?"

"Ke ma kin san ba za ki iya ba. Jiya goshi ne, gobe ƙugu ne. Tsoho in ya karya ƙugu ba ya tashi."

"Ke kika haife shi da za ki faɗa mini abin da zai tashi da abin da ba zai tashi ba?"

"Ni dai na faɗa miki. Kafin ruwan Afrilu ya kankama, in keken nan bai iya zuwa banɗaki ya dawo lafiya ba, zan zo da majiya ƙarfi su sauko da shi. Ko ki yi fushi da ni har ki mutu."

Orfa ba ta yi kuka ba, ba ta iya shi a gaban mutane ba. Amma tsoro ya kama ta, tsoron da ko masu rushe bukka ba su taɓa sa mata ba, domin ta san wanda aka sauka da shi matakalar nan a irin wannan hali ba ya sake hawowa. Kuma ta san 'yarta ba mai faɗin magana ta janye ba ce.

Sai ta aika aka kira Gildardo, wanda a hannun Aldemar ya koyi gini, yanzu kuma shi ke da yaran aiki da waya biyu. Ya zo ya cire hula ya gaida tsohon maigidansa, bai samu amsa ba. Ya zaga tsakar gidan yana taka ƙasa da dunduniya, ya leƙa gefen da gidan ya ƙare a kan gangare, inda in ka miƙa wuya kana kallon rufin maƙwabta a ƙarƙashinka. Da ya faɗi kuɗin aikin, Orfa ta nemi kujera ta zauna.

"Gildardo, daɓe na ce ka yi mini, ban ce ka gina mini coci ba."

"Doña Orfa, ba ni ne mai tsada ba, gidanki ne mai tsada."

"Gidan da ko akuya sai ta huta sau biyu kafin ta iso, yau shi ne mai tsada?"

"To ai kin faɗa da bakinki. Buhun siminti a bakin titi kuɗinsa daban, kafin ya iso ƙofarki ya kusa ninkawa, don a wuyan mutum zai hau. Yashi haka, tsakuwa haka. Ga jar ƙasar nan, sai an kwashe ta sama-sama an zuba tsakuwa, in ba haka ba daɓen ya tsage kafin baɗi. Ita ma a wuyan mutum za ta sauka. Ga saiwar gwaibar nan..."

"Gwaibata ba ta ci maka komai ba."

"Shi ke nan, a zagaye ta, ƙarin aiki ne. Sannan ruwa. Dole a karkata daɓen, a binne bututu daga nan har lambatun matakala."

"Ruwa kuma? Ruwan Allah ma sai na biya masa kuɗin mota? Shekara nawa yana sauka a gidan nan yana neman hanyarsa babu bututunka?"

"Ƙasa ce ke shanye shi, Doña. Siminti ba ya shan ruwa."

"Na ji. Da can da kake bin tsohona da majina a hanci ba ka san wannan dogon karatun ba."

Gildardo ya sosa ƙeya. Yaron kirki ne, kuma abin da ya faɗa daga nan da zuciya ɗaya ya faɗa, sai dai bai san inda ya taka ba. Ya ce albarkacin maigidansa Don Aldemar, ya yafe ladan hannunsa, ta biya kaya da 'yan dako kawai.

"Sadaka kake ba ni a cikin gidana?" Ta miƙe ta nuna masa ƙofa da muciya. "Sauka a hankali, ɗan nan, kada kuɗin su yi maka nauyi ka faɗi."

Da ya tafi ta zauna ta bi maganarsa ɗaya bayan ɗaya. Dako ta yarda da shi, ta ga matakala da idonta. Jar ƙasa ta yarda, ta sha jin Aldemar yana zaginta. Amma bututu, a ganinta, irin abin da magina ke ƙarawa ne don su cika aljihu, kamar yadda mai nama ke cusa ƙashi a awo. Ta soke shi a ranta, ta wuce wurin.

Saura dako. A da, irin wannan aiki gayya ake kira: ran Lahadi a ɗora tukunyar sankocho a kan titi, kaza da rogo da agade, maza su jeru a matakala suna miƙa wa juna bokiti. Haka aka gina unguwar nan kaf, kuma babu gidan da Orfa ba ta yi wa girkin gayya ba. Amma samarin yanzu Lahadi ce ranar samunsu, suna can a kan babur suna kai wa mutanen bene abinci. Da ta zaga ta faɗa, waɗanda suka amsa duk masu ciwon gwiwa ne, irin su Don Tiberio, tsohon direban bas, wanda in ya hau matakala goma sai ya tsaya ya yi kamar yana kallon gari.

Ta fasa asusunta ta sayi yashi da tsakuwa da siminti, mota ta juye su inda titi ya ƙare. Ta tara tsofaffin bokitan fenti ta jera a gefen tsibin. Sannan ta ɗauke murhunta daga kwana ta kai shi ƙofar gidanta a can sama, ta mai da sana'ar ta yamma, lokacin da mutane ke dawowa daga aiki cikinsu na kuka. Ta ƙara cuku, ta ƙara man shanu, ta bar iska ta yi mata talla.

Na farkon da ƙamshi ya jawo wani ɗan babur ne, ya miƙo kuɗi yana haki.

"Mai da kuɗinka aljihu, yau ba sa ci a nan."

"Kamar yaya, Doña?"

"Ka hau tudun nan hannu rabbana kamar ɗan minista, ga yashina can yana kwana a titi. Bokiti ɗaya, arepa ɗaya."

"Haba Doña, in sake sauka?"

"Ƙafafun na ado ne? Uwarka da cikinka ta hau da bulo a ka, ni na dafa musu abinci ranar."

Ya sauka yana ƙunƙuni, ya hau da yashi, ya ci, ya lashe yatsa. Da ya nemi ta biyu ta ce ta biyu ta mai sauka da jar ƙasa ce. Kafin mako ya zagayo abin ya zama wasan unguwa. Masu gadi da kakinsu, mata masu aikin gidajen ƙasan gari, har malamin makaranta da jakarsa a hannu ɗaya, kowa ka gani yana hawa da bokiti. Wasu don cikinsu suke yi, wasu don sun tuna wanda ya zuba musu dakalin ƙofa bai karɓi komai ba. Ita kuwa ba ta gode wa kowa ba, sai dai ta leƙa bokiti ta ce wannan rabi ne, rabin arepa za a ba shi. Jarinta ya tafi a masara da cuku, ko a jikinta.

Ran Lahadin zuba siminti tsofaffi suka hallara, tukunya na tafasa. Don Tiberio ya zo da dogon tiyo mai ruwa a ciki, ya ce ya sha ganin yadda magina ke awo da shi, shi zai daidaita. Orfa ta ba shi umarni biyu. Na farko, daɓen ya kwanta daidai kamar faranti, kada ya karkata ko'ina, don kada keke ya gangara da mutum. Na biyu, a ja layin bulo a kewaye shi ta bakin gangare, babu ƙofa babu kafa, ko da keken ya kuɓuce mata ya samu abin da zai tare shi. Tun ranar da ya kife take mafarkin keken yana tafiya shi kaɗai zuwa bakin ramin nan.

Ta turo Aldemar bakin ƙofar ɗaki, a inuwa, ya ga aiki. Da farko bango yake kallo kamar kullum. Da aka ja zare aka fara jera bulo, sai kansa ya juyo. Can sai aka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal, yana dukan ƙarfen keken da cokali.

"Kun ji tsohona!" in ji Orfa, fuskarta ta washe. "Kiɗa yake muku, ku motsa jiki, ragwaye!"

Aka yi shewa. Don Tiberio ya ajiye tiyo ya taka rawa da gwiwarsa mai ciwo. Aldemar ya ci gaba da duka, yana gurnani, har cokalin ya lanƙwashe. Da aka zo shimfiɗa gutsattsarin tayil ɗinsa a kan ɗanyen siminti, mata suka durƙusa suna jerawa, shuɗi nan kore can, hawaye ya zubo masa ta ido ɗaya. Orfa ta goge masa da bakin zanen girkinta.

"Na sani, tsoho, na sani. Ka ga kayanka sun yi rana."

Daɓen ya yi kyau, wannan babu mai musu. Mutane suka riƙa hawowa don kallo kawai. Keke na tafiya a kai sumul, har banɗaki har gindin gwaiba. Nohemí ta zo ta tura da hannunta, ta je ta dawo, ta dubi layin bulon, ta ce, "To, mu gani." Orfa ta bi ta har ƙofa tana cewa ta gaida 'yan cocin, ta ce musu su ba wani gadon.

Ruwan Afrilu na gaske ya sauko wata Laraba da azahar, kamar da bakin ƙwarya. Orfa na kicin tana jiƙa masara ta ji sanyi a tafin ƙafarta. Ta leƙa waje, tsakar gida ta zama tafki. Ruwan rufi na zuba a kai, na sama na zuba a kai, ƙasar da ke shanye shi tana ƙarƙashin siminti, bulon da ta sa aka kewaye ya tare shi ta ko'ina. Ƙofa ɗaya ya samu, ita ce ta ɗaki. Ya shiga ya ɗaga takalma, ya jiƙa buhun masara, ya kai har ƙarƙashin gado. Ta iske Aldemar a kekensa ruwa ya rufe masa idon sawu, yana karkarwa. Ita kaɗai ta ja shi ta ɗora a gado, ta yi ta kwarfar ruwa da kwano har aka ɗauke.

A tudun nan ba a ɓoye komai. Kafin yamma wata ta ɗauki hoto ta aika wa Nohemí. Waya ta yi ƙara.

"Mama, ran Asabar zan zo da mutane. Ki haɗa masa kayansa."

"Ruwa ne fa kawai, 'yar nan, ba wuta ba."

"Mutumin da ƙirjinsa ba ƙarfi kika bari a cikin ruwa. Na gama magana."

Washegari rana ta fito, amma ruwan tsakar gida na nan kwance, tayil na ƙyalli a ƙarƙashinsa. Orfa ta share abin da ta iya da tsintsiya, ta turo Aldemar waje ya sha hantsi, ta miƙa masa kofin ruwan mazarƙwaila, ta zauna a kan dutsen wanki. Kunya ta ishe ta, da haushin kanta. Jarinta, da gumin unguwa, da tayil ɗin da mutumin nan ya tara tsawon rayuwarsa, duk ta zuba su a aikin da zai raba ta da shi.

Aldemar bai sha ba. Ya karkata kofin a hankali ya tsiyaye shi a kan daɓe, a gaban ƙafarta. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga ba ita yake kallo ba, ruwan yake kallo. Ruwan ya bazu ya tsaya cik, bai nufi gabas ba bai nufi yamma ba. Ya ɗago ya dube ta, ya ɗaga lanƙwasasshen cokalin ya nuna kusurwar da ke kusa da matakala, ya ja layi a iska daga ƙofar ɗaki zuwa can, hannun yana yin ƙasa.

Sai a lokacin ta gane kiɗan ran Lahadi. Mutumin yana zaune yana kallo ana ɓata aiki a cikin gidansa, yana ihu da abin da ya rage masa, su kuwa suna rawa. Ita da ke cika baki cewa babu wanda ya san shi kamarta, ita ce ta goge masa hawaye ta ce ta sani. Abin ya soke ta har ƙashi.

"Ashe zagina kake yi, tsohon banza," in ji ta. "To ai sai ka yi da ƙarfi."

Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado ta fito da guduma. Ta fara da bulon kusurwa. Dukan farko hannunta ya yi tsami, na biyu bulo ya tsage, na uku sauran ruwan ya sami hanya ya bi ta wurin da gudu. Daga nan ta juya kan daɓen kansa. Inda cokali ya nuna nan take duka, in ta kauce ya yi gurnani ta dawo. Tayil shuɗi da kore suka riƙa tashi suna faɗuwa, ba ta tsaya kallonsu ba. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna cewa Doña Orfa ta zautu. Don Tiberio ya hau yana haki, ya ce a bari a yi shawara, ta ce masa ya je ya auna wa matarsa miya da tiyon nan nasa.

Ta aika wa Gildardo cewa a kawo mata bututu da siminti, za ta biya a hankali. Ba ta ce ya yi gaskiya ba, shi ma da ya san ta bai tambaya ba. Ya sa yaransa suka hau da kayan suka binne bututun har lambatu, ya ce zai zo da kansa ran Litinin ya zuba sabon daɓe. Litinin kuwa ta yi nisa, Asabar ce a gabanta.

Don haka ran Asabar da hantsi ta kwaɓa siminti da kanta ta ɗauki cokalin gini ta fara shafawa daga ƙofar ɗaki, tana ɗora katako tana takawa. Ba ta iya ba. Nan ya yi tudu, can ya yi kwari. Aldemar ya yi gurnani har ya gaji. Tana sunkuye ta ji motsi a bayanta, ta waiga ta ga ya zame daga keken da gangan, ya sauka a kan ɓarinsa mai lafiya, yana jan jiki da gwiwar hannu zuwa inda take.

"Uwar Yesu! Kashe kanka za ka yi su ce ni ce?"

Ta kama shi za ta ɗaga, ya ture ta, ya miƙa hannu ya fizge cokalin ginin daga hannunta. Ta tsaya tana kallonsa. Hankali ya ce ta kira maƙwabta a mai da shi keke. Maimakon haka ta ɗauko buhu ta ninka ta tura masa a ƙarƙashin ƙugu, ta jingina bayansa da gwiwarta, ta jawo bokitin kwaɓi kusa da shi. Da hannun hagu yake aikin, hannun da bai taɓa riƙe cokalin gini ba, a hankali kamar mai koyo. Amma inda ya shafa ya kwanta, kuma yana gangarawa inda ya kamata.

A haka Nohemí ta same su, da ƙarti biyu a bayanta riƙe da kujerar ɗaukar mara lafiya. Ta ga ubanta a ƙasa, siminti har a gemu.

"Mama! Kin haukace ne? Wa ya sa shi a ƙasa?"

Ta yo kansa da gudu, takalminta ya nutse a tsakiyar inda ya gama shafewa. Kafin ta sunkuya, bayan cokalin gini ya sauka a idon sawunta, ɗau! Ta yi ƙara ta ɗage ƙafa. Aldemar ya zuba mata ido, jajir, ya nuna sawun takalmin, ya nuna katako. Tun da ciwon ya same shi bai taɓa dubanta a matsayin wadda ya sani ba sai yau, kuma duban na faɗa ne.

Ta ja da baya ta hau katakon. Shi kuwa ya juya ga ramin da ta yi, ya ɗebo kwaɓi kaɗan ya cike, ya shiga shafawa. Ya daɗe a kai.

Ɗaya daga cikin ƙartin ya yi gyaran murya. "Doña, mu ɗauke shi ne ko yaya?"

"Ni ban kira ku ba," in ji Orfa. "Ku tambayi wadda ta kawo ku, in ta iya raba shi da aikinsa."

Nohemí ta tsuguna a kan katako tana riƙe da idon sawunta, hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Mama, in ya sake faɗuwa fa?"

"Zai faɗi. Ni ma zan faɗi wata rana. A can gidan naku ba a faɗuwa ne? Gara ya faɗi a nan da siminti a hannu, da ya zauna lafiya a can yana kallon bango."

Nohemí ta miƙe tsaye. Sannan ta buɗe jaka ta sallami ƙartin, ta ce su yi haƙuri da hawan da suka sha. Ba su kai ƙofa ba Aldemar ya tura mata bokitin da ya ƙare da bakin cokali, ko ɗago kai bai yi ba. Ta cire takalman ta ajiye a kan dutsen wanki, ta ɗauki bokitin ta nufi wurin kwaɓi.

"Kada ki cika wa kwaɓin ruwa," in ji Orfa, tana gyara gwiwar da ta tokare bayan mijinta. "Ba ya so."